Ranar Gwajin da Ta Ɗaga Masa

"Ki ɗaga min, Agogo... don Allah ki ɗaga min."

Ba ta ɗago kai ba. Yatsunta na kan kwamfuta, amma ko harafi ɗaya ba ta danna ba tun da ya jingina da 'yar tagar ofishinta. Warin man inji ne ya fara sanar da ita zuwansa, kamar kullum.

"Malam, akwai mutane a bayanka."

Ya waiwaya. Dogon bencin asibitin ma'aikata fayau yake, kowa ya watse, sai fanka da ke ta juyi ita kaɗai.

"Benci ne a bayana, shi kuma bai ce yana sauri ba."

"Shaho, ba wasa nake ba!"

"Ni ma ba wasan nake ba. Talata mai zuwa kika sa ni. Ki ɗaga."

Sai a lokacin ta dube shi. Dariyar da ya saba shigowa da ita babu ita a fuskarsa, hular ƙarfensa na hannu yana ta juya ta.

Ma'aikatan masana'antar ƙarfe ne suka laƙa mata Agogo, kuma ta ci sunan. Kafin ta zo, ranar gwajin lafiya ranar baƙin ciki ce. A kwaso mutane mota guda a zube su a benci tun safe, ba ci ba sha saboda ɗibar jini, su wuni suna hamma, wasu har la'asar ba a kai kansu ba. Ita ta raba su gida-gida. Masu ba da jini su fara shiga su fito su karya. Kafin nan wasu na ɗakin ido, wasu na ɗakin kunne, wasu na hoton ƙirji, sai a yi juyi. Wanda ya kwana aiki ba ta sa shi washegari sai ya huta, kada jininsa ya hau a rubuta masa ciwon da ba nasa ba. Mai aiki cikin ƙarar inji kuwa da sassafe take sa shi, kafin ƙara ta toshe masa kunne. Sannan kowace Talata tana barin gurbi guda babu kowa, na ko-ta-kwana, saboda wanda aka aiko da gaggawa. Kafin azahar an sallami kowa.

Shi kuma Shaho can sama yake aiki, cikin ɗan akwatin gilashin ƙugiyar da ke ɗaga ƙarafa ta ratsa da su ta kan mutane. Bara da ya zo gwaji, ya karance allon ido har layin ƙarshe, sannan ya gaya wa Sista mai ɗakin ido cewa akwai ƙuda a kan harafin ƙarshe. Aka duba, ƙudan na nan. Da ya fito sai ya tsaya a tagar Agogo ya ce gurbi yake nema.

Ta ce, "Ai an gama da kai."

Ya ce, "Ba na asibiti ba."

Daga nan aka fara.

"Me ya sa zan ɗaga maka?" ta tambaye shi yanzu, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ya matso da bakinsa jikin gilashi.

"Idona ne. Na hagu. Gefe-gefensa duhu yake yi, kamar an ɗan ja labule. In na kalli fitila kuma sai in ga zobe ya zagaye ta."



"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"To ai shi ya sa za ka zo Talata! Sista ta duba ka, Likita ya..."

"Saurare ni, rabin raina. Ni ɗan wucin gadi ne. In Sista ta rubuta ban cancanci hawa ƙugiya ba, a ranar za su karɓi hular nan su nuna min ƙofa. Amma in takardar dindindin ta riga fitowa, ba mai korata. Sauko da ni za su yi, su ba ni aiki a ƙasa. An ce ta kusa fitowa. Kuma kin ji abin da Yayanki ya ce."

Ta ji kam. A gabanta ya faɗa, ranar da Shaho ya je gaishe shi. Tun rasuwar Babansu maganar Yaya ce doka a gidan. "Ba na ba da ƙanwata ga mutumin da za a iya sallama da baki," in ji shi. "Ka kawo min takarda, sai mu yi magana."

"Mutanen da ke ƙarƙashinka fa?" ta ce.

"Na dama garau yake. Juya kaina nake yi gaba ɗaya. Wallahi ko ƙusa ba zan bari ta faɗa kan wani ba."

"Shaho..."

"Sau ɗaya kawai. Saboda mu."

Saboda mu. Kalmar ce ta karya ta.

Dokar musaya ita da kanta ta kafa ta: duk wanda aiki ya riƙe, ana iya sauya shi da abokin aikinsa, don kada gurbi ya tafi a banza. Ta ja sunansa ƙasa, ta jawo na wani mai walda sama. Shi ke nan. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne sauƙin abin.

"Amma ka yi min alkawari za ka je babban asibiti da kanka."

"Na yi. Murmushi fa? Ko shi ma sai an nemi gurbi?"

Ta yi murmushin. Daga baya ta sha tuna wannan murmushi, ta ji kamar ta mari kanta.

A gida ita ce Auta. Ranar da yamma ta tarar da takalmi mai ƙyalli a ƙofar falo, ta san mai shi tun kafin ta shiga. Jami'in kula da haɗurra ne na masana'antar, wanda ma'aikata ke kira Mai Usur, don ko bayan gida zai shiga usur ɗinsa na rataye a wuya.

"Ga mutuniyar!" in ji Yaya. "Auta, zo ki gaida baƙonki."

"Baƙonka dai, Yaya."

Mai Usur ya yi dariya har da dukan cinya. "Babban yaya, ƙyale ta. Ko a asibiti haka take mana. Sai ka rantse ita ce Likitan."

Ta wuce kicin. Umma na tsaye tana yanka albasa, ta dube ta ta wutsiyar ido.

"Mijin Yayanki ya zo?"

"Kai, Umma!"

"To ai shi ya fi kowa son sa. In sun shirya a ɗaura musu, mu huta."

Auta ta yi dariya, amma dariyar ba ta wuce maƙogwaro ba.

Takardar dindindin ba ta fito ba. Aka ce manaja ya yi tafiya. Aka ce ya dawo amma ana jiran sa hannu daga sama. Duk lokacin da Talatarsa ta matso, sai ga Shaho a taga da hula a hannu.

"Wannan ne na ƙarshe, Agogona."

Ta ɗaga.

"Ka je babban asibitin?"

"Na je, layi ya kai titi, ni kuma ina da aikin rana. Na sayi maganin ɗigawa a kemis. Mai kemis ya ce gajiya ce da hasken walda."

"Ya yi sauƙi?"

"Sosai ma."

Ta yarda, saboda tana son ta yarda. Ita da ta san jinin wane ya hau, ta san kunnen wane ya fara nauyi, ita da ke kiran mutum a waya ta yi masa faɗa in ya tsallake ranarsa, sai ga ta tana karɓar maganar mai kemis.

Damina ta shigo ta fita, suna ɗagawa.

Wata Asabar ya raka ta kasuwa. Suna dawowa a gefen titi, tana ta hagunsa, ƙishi ya kama shi ya ce da akwai ruwa. Ta ciro gora daga jaka ta miƙa masa. Ya ci gaba da tafiya yana ba ta labarin ɗakin da ya gano musu, mai taga biyu da famfo a tsakar gida. Hannunta na miƙe. Gorar na daf da kumatunsa.

Bai gani ba.

Sai da ta taɓa kafaɗarsa ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya yi dariya.

"Au! Hankalina na kan ɗakinmu."

"Shaho, ba ka gan ta ba."

"Na ce miki hankalina..."

"Ba ka gan ta ba! Na shiga uku... Ka ce min ya yi sauƙi!"

"Ki rage murya, mutane na kallo. Sati mai zuwa takarda za ta fito, da bakin sakatare na ji. In ta fito, ni da kaina zan zo in zauna a gaban Sista. Ki ƙara min haƙuri kaɗan. Mun kusa, masoyiyata. Za ki bari mu faɗi a bakin ƙofa?"

Ta share hawayenta da gefen mayafi. Ranar Litinin ta sake ɗagawa.

A wannan makon ne Mai Usur ya zo tagarta bayan an watse. Ya tsaya daidai inda Shaho ke tsayawa, yana wasa da igiyar usur.

"Agogo, ina da 'yar tambaya."

"Ina ji."

"Duk Talata ni nake rako motar ma'aikata. Na rako masu walda, na rako 'yan sito, har masu gadi na rako. Mutum ɗaya ne ban taɓa gani a motar ba."

"Aiki ke riƙe shi. Musaya ake masa."

"Ikon Allah. Shi kaɗai ne mai aiki a masana'antar ke nan." Ya yi murmushi. "Jiya na tsaya masa ta hagu ina kaɗa jar tuta har hannuna ya sage. Ƙarfe na lilo a sama, mutane na wucewa a ƙasa. Sai da na busa usur ya tsaya."

Ta ɗago ta dube shi.

"Kada ki tsorata. Ni mai rufin asiri ne... ga wanda yake nawa. Ki gaya wa Yaya kin amince da ni, sai in manta ina ne hagu ina ne dama."

Ta miƙe tsaye har kujera ta bugi bango.

"Mutane na ƙarƙashin ƙarfe, kai kuma ciniki ka zo yi da su?"

"Ke kuma fa? Me kika yi wata da watanni kina yi da su?"

Da zagi ne da ta rama. Gaskiya ce, daga bakin da ba ta so.

"Fita," ta iya cewa.

"Zan fita. Gurbin nan naki na ko-ta-kwana, na Talata... yana nan ko? Ki ajiye min."

Bayan tafiyarsa ta daɗe tana kallon gurbin a kwamfuta, fari tas, babu suna. Hanyar toshe shi a hannunta take. Ta ɗauko kowane mai gadi ta cusa a ciki, in Mai Usur ya zo ta ce an cika, sai wani makon. Ko ta kira Shaho ta ce ya kwanta ciwo ranar. Ta ɗauki waya, ta nemo lambarsa. Sai jar tutar ta faɗo mata a rai. Ta tuna wani tsoho mai share ƙasan ƙugiya, wanda ke ce mata jikata, yana roƙonta ta sa shi da wuri saboda ciwon gwiwa. Ta tuna gorar ruwa a miƙe.

Ta ajiye wayar.

Ta bar gurbin a buɗe.

Ranar Talata shi ne na ƙarshen saukowa daga mota, Mai Usur na biye da shi. Da kayan aikinsa ma, da alama daga ƙofar masana'anta aka juyo da shi. Yana shigowa ya nemi idonta, ya ɗan kaɗa mata kai, alamar ki san dabara.

Ta miƙa masa kati ba tare da ta dube shi ba.

"Ɗakin kunne, sannan hoton ƙirji, sannan ido."

"Agogo..."

"Na gaba."

Da a zamanin da ne, da ya wuni a benci, wataƙila ma a tashi ba a kai kansa ba. Amma tsarin da ta gina da hannunta ba ya barin kowa ya zauna. Ɗaki ya miƙa shi ga ɗaki. Kafin shayin da ke gabanta ya huce, ya isa ƙofar Sista.

Ƙofar ba ta rufu sosai ba. Tana jin komai.

"A'a, mai ganin ƙuda! Sai yau? Zauna, ɗana. Rufe na hagu. Karanta."

Ya karanta, yana ɗan tsayawa.

"To. Rufe na dama."

Shiru.

"Karanta mana."

Shiru.

"Ɗana, babban na sama fa? Shi kaɗai."

"Sista... ina allon yake?"

Agogo ta kifa kanta a kan tebur.

Likita bai yi dogon bayani ba. Da ya gama haska idon ya auna, ya ce hawan jinin ido ne, mai cin gani a hankali daga gefe ba tare da ya yi ihu ba. Ya ce na hagu ya riga ya yi nisa, abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama ma ya fara taɓuwa, amma shi ana iya riƙe shi da magani in aka dage.

"Da tun lokacin da ka fara ganin labulen nan ka zo, da mun riƙe maka mafi yawansa," in ji shi. "Ai tun farkon shekara ya kamata ka zo mana. Me ya hana?"

"Ni na ƙi zuwa, Likita."

"Ƙin zuwa daban. Wa ya yi ta ba ka wata ranar?"

"Ni ce."

Tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta san lokacin da ta taso ba. Sista ta dafe ƙirji. Likita ya cire tabarau ya dube ta, ya daɗe.

"Ke? Ke da kike min faɗa in na makara?"



A ranar aka karɓi hular Shaho. A ranar kuma aka ce mata ta tattara kayanta ta koma ɗakin kati, can baya, inda babu taga. Sista ce ta roƙa mata, da kora ce. Kafin ta tashi daga kujerar ta yi abu ɗaya. Ta kira sashen ido na babban asibiti, ta roƙi takwararta ta can, ta sama masa gurbin farko na safe, wata bayan wata, don kada layi ya ƙara zama hujja.

Ta same shi a bakin get, zaune a kan dakalin masu gadi, rana na dukansa.

"Ga ranakunka na babban asibiti."

Bai karɓa ba.

"Kin san zai kawo ni?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun makon jiya."

"Kina da waya. Kina da lambata."

"Ina da su."

Ya yi wata dariya mai ɗaci. "Kwana kaɗan ya rage, Agogo. Kwana kaɗan! Duk abin da muka jure, kika buɗe masa ƙofa da hannunki?"

"Da na buɗe ta tun ranar farko, da yanzu kana ganina da ido biyu!" Kuka ya ƙwace mata. "Kai ka roƙa, amma ni na san abin da nake yi. Aikina ne in hana ka. Na zauna ina ja maka suna ƙasa kamar alheri nake maka... ashe idonka nake ja!"

Ya miƙe. Ya karɓi 'yar takardar, ya cusa a aljihu.

"Ki gaida Umma. Ki ce wa Yaya ya yi gaskiya, an sallame ni da baki."

"Shaho, kada ka tafi haka..."

"Me zan tsaya in yi? Ba aiki, ba ido. In kika kalle ni ki ga laifinki, in na kalle ki in ga nawa. Wane irin gida za mu yi?"

Ya tsallaka titi, yana juya kansa gaba ɗaya kafin ya taka. Ya daina ɗaukar wayarta.

Ba a jima ba takardun dindindin suka fito. Tana ɗakin kati ta ji 'yan wucin gadi na taya juna murna a benci.

A gida Yaya bai ɓoye ba. "Ai na faɗa. Yanzu sai ki dawo hankalinki. Mutumin kirki na nan yana jira, shi ne ma ya ceci rayukan mutane."

"Ya gaya maka farashin da ya sa wa rayukan?"

"Wane farashi?"

Ta gaya masa, kalma da kalma, abin da Mai Usur ya faɗa a taga. Yaya ya hau murza yatsu.

Umma ta ajiye tsintsiya.

"Babban mutum, takarda ka nema, yaro ya biya da ido. Ita ta yi wauta, shi ya yi wauta, amma kai ka gina musu katangar da suka yi ta bugun kai da ita. Ubanku da na aura, aikin yini yake yi. Ba mu mutu ba."

"Umma, ni gata nake mata."

"Na sani. Ga gatan nan zaune, dube ta. Ta koma kamar tsinke."

Da Mai Usur ya zo da yamma, Yaya da kansa ya tare shi a ƙofar gida. Ba wanda ya ji abin da suka ce. Takalmi mai ƙyalli dai bai ƙara shigowa falon ba.

Ita ta tsara ranakun, don haka ta san su. Duk ranar da yake da ganin likita, sai ta fita da sassafe ta tsaya a bakin get ɗin babban asibiti, kusa da mai sayar da katin waya. Ba magana take so ba. So take ta tabbatar ya zo. Yakan iso kafin a buɗe, ya rame, da baƙin tabarau, ya tsaya yana fuskantar get. Ita kuma ta tsaya ta hagunsa, nesa kaɗan, inda ta san ba zai gan ta ba. In ya shiga sai ta juya ta tafi ɗakin katinta.

Bai taɓa tsallake rana ba.

Wata safiya ana yayyafi, tana tsaye a wurinta, sai ta ji ya yi magana bai juyo ba.

"Mai kati ya ce akwai wata da ke zuwa duk ranar da na zo. Ba ta sayen kati, ba ta shiga asibiti."

Ta waiwaya ta dubi mai katin.

"Na ce masa tana makara? Ya ce ko sau ɗaya. Na ce to na san ta."

"Zuwa nake in ga ko ka zo," ta ce.

"Ina zuwa. Tsoron faɗanki nake." Ya gyara tabarau. "Likitan nan ya ce na dama ya tsaya inda yake. Ya ce da na ƙara wasu watanni, da shi ma ya bi ɗan'uwansa. Na je gida na zauna ina lissafin wa ya buɗe ƙofar nan... Na zage ki a kan abu ɗaya tak da kika yi daidai."

"Na yi shi a makare."

"Ni na makarar da ke."

Yayyafi na sauka a kan mayafinta. Ba ta goge fuskarta ba.

"Na samu aiki a wani gareji," ya ce. "Gyaran injin ɗaga kaya. A ƙasa. Babu takarda, da baki aka ɗauke ni, da baki za a iya sallamata. Ki gaya wa Yaya tun da wuri."

"Yaya ya daina tambayar takarda."

"Da gaske?"

"Umma ta yi masa gwaji, bai ci ba."

Ya yi dariya, irin ta da, har kafaɗunsa na motsi. Sannan dariyar ta tsaya.

"Agogo... muryarki kawai nake ji. In tsayawa za ki yi, ki zagayo ta dama."

Ta zagaya.

Ya daɗe yana kallonta da ido ɗayan da ya rage masa.

"Kin rame."

"Kai ma."

An yi auren ba da wani taro ba, a ɗakin nan mai taga biyu da famfo a tsakar gida. Yaya ne ya kawo musu katifa a kan motarsa, ya sauke, ya kama hannun Shaho ya riƙe gam. Maganin ɗigawa kuwa bai taɓa wuce lokacinsa ba, ko Shaho na ƙarƙashin inji sai wayarsa ta yi ƙara. Abokan aikinsa har sun haddace: "Tashi, Agogo ta buga!"

Ta koyi zama ta damansa. A titi, a mota, a kan tabarma.

Amma wani lokacin mantuwa kan zo. Ta fito daga kicin da kofin shayi, hankalinta na wani wuri, ta miƙa masa ta hagu. Yana zaune yana ba ta labarin gareji yana dariya, kofin na daf da kumatunsa, tururi na tashi.

Takan tsaya haka, hannunta a miƙe, ta tuna yadda sunansa ya ja ƙasa cikin sauƙi a wancan yammacin.

Sannan ta zagayo a hankali kada ya gane, ta ce, "Ga shayinka."